Barcin Ido Biyu a Ɗakin Inna Uwani

Wai sana'ar zama ce. Haka ɗayarku ta faɗa a soro ɗazu, tana zaton kunnena ya tsufa. Wai ba abin da Inna Uwani take yi illa ta shimfiɗa tabarma, ta ce wa mata su rufe ido, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. To na ji. Ku zauna, ku ajiye wayoyin nan da kuka zo ɗaukar muryata da su, ku fara jin yadda aikin yake tukuna.

Ni ba makarantar wannan aiki na yi ba. Ina da ƙuruciyata aka ɗauke ni shara da wankin zannuwan gado a wani asibiti nan Kazaure, ɓangaren mata. A lokacin akwai wata nas Ba'indiya, mijinta yana koyar da lissafi a wata makaranta, mu dai Sista muke ce mata. Aka kawo wata mata daga Gwiwa, tafasasshen kunu ya zube mata a cinya. Ana ba ta magani, ana wanke ciwon, amma barci ya gagare ta, ido ya yi zuru-zuru, ko likita ya taɓa gadon sai ta zabura. Sista ta jawo kujera ta zauna wajen ƙafarta. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba, ni kuma ina da ɗan Turancin firamare, sai ta yafito ni da tsintsiyata a hannu ta ce in zama bakinta. Ta faɗa, in faɗa. "Ki kai hankalinki kan babban yatsanki na dama. Kada ki motsa shi, ki dai san yana nan." Haka muka bi jikin matar nan gaɓa-gaɓa, muka tsallake cinyar da ta ƙone. Kafin mu kai kafaɗar hagu numfashinta ya sauka, hannun da ta damƙe ƙarfen gado da shi ya saki. Da muka dawo da ita ta ce duk abin da muka faɗa ta ji, amma jikinta kamar ta kwana ta wuni tana barci.

A garinsu Sista yoga nidra suke kiran abin, wato jiki ya yi barci hankali yana farke. Ni na raɗa masa barcin ido biyu, shi ne sunan da ya bi shi har yau.

Kada ku zaci washegari ta sakar mini marasa lafiya. Ni ta fara kwantarwa. Kullum in mun tashi aiki sai in kwanta a ɗakin ajiye zannuwa ta yi mini, har damina ta wuce, rani ya shigo. Ta ce wadda ba ta san hanyar da ƙafarta ba, ba ta isa ta yi wa wani jagora ba. Bayan nan ta koma kan muryata. In na yi sauri ta ɗaga hannu. In na ja magana kamar mai waƙa ta ɗaure fuska, ta ce ba rawa aka zo ba. In na sa tausayi a murya ta ce in cire, domin mai jin tausayinki a kunne kuka za ta fara, ba hutu ba. Na tambaye ta gaba da gaba, na ce, "Sista, ni Musulma ce. Babu bautar wani abu a cikin nan?" Ta ce addininta nata ne, ba shi ta ba ni ba, abin da ta ba ni jiki ne da numfashi, kuma kowa yana da su. Duk da haka ban tsaya nan ba, na je na karanta wa baffana, wanda malami ne, duk abin da ake faɗa daga farko har ƙarshe. Ya ce in zubar da kalmomin yarensu da ban san ma'anarsu ba, in buɗe da bisimilla, in rufe da hamdala, sauran bai ga bambancinsa da tausa ba. Da su Sista suka koma ƙasarsu, ni ma daga baya na bar asibitin, na share wannan ɗakin da kuke zaune a ƙofarsa.

Wata mai ƙuli-ƙuli daga Roni ita ta koya mini darajar matashi. Ta shekara da shekaru a durƙushe tana matsar tunkuza, bayanta ya ƙage. Na kwantar da ita rigingine kamar kowa, na fara, sai na ga yatsun ƙafarta suna lanƙwashewa. Kunya ta hana ta faɗa, amma ciwo take ji. Na tsaya, na naɗe zanena na tura mata ƙarƙashin gwiwa, sai yatsun suka miƙe. Tun daga ranar na ɗinka matasai na audugar rimi, manya da ƙanana, na gwiwa daban na wuya daban. Mai ciki ba ta kwanciya rigingine, gefen hagu ake kwantar da ita da matashi tsakanin ƙafafu. Mai tari a jingine ake yi mata. Ga mayafin rufa, ko da zafi ake yi, saboda jiki in ya saki sanyi yake ji, kuma mace ba ta sakin jiki in tana tunanin zanenta zai yaye. Ƙofa ba a kulle ta, a bar ta a sassaye. Ba a zama a saitin kan mutum, wajen ƙafa ake zama inda in ta buɗe ido za ta gan ki. Ba a yi bayan cin tuwo, ba a yi dab da kiran salla. Da hantsi ake yi, a gama, ta sake alwala ta tari azahar a tsanake.

Duk waɗannan kayan aiki ne, amma babban kayan aikin ido ne. Bakinki yana kan gwiwar hagu, idonki yana kan fatar idonta, kan maƙogwaronta, kan yadda mayafi yake hawa da sauka. In ta haɗiye yawu sau da yawa, akwai abin da ya taso mata. In numfashi ya tsaya a ƙirji ya ƙi sauka ciki, tsoro ne. In ta fara minshari, kin yi sake ta faɗa barcin gaske, sai ki ɗan ɗaga murya ki jawo ta ba tare da kin firgita ta ba. To ku gaya mini, muryar da kuka naɗa a waya da wane ido za ta ga wannan?

Hadiza 'yar kasuwa ce a Babura, tana shigo da atamfa da turare daga ƙetaren iyaka, rabin cinikinta da sefa take yi. Mace mai kazar-kazar, amma ranar da yayarta ta kawo ta duk ta yamutse. Maganin tarin nan na kwalba take sha don ta samu barci, tun tana kurɓa har ta koma ba ta iya kwana sai ta shanye. Abu na farko da na yi, na ce sai ta je asibiti an duba ta, domin ni ban taɓa cewa tabarmata tana maye gurbin likita ba. Ta je, ta dawo, muka fara. A aikin nan akwai abin da ake kira ƙuduri. Kafin a shiga zagayen jiki, mutum zai faɗa wa zuciyarsa magana ɗaya gajeriya, abin da yake so ya zama, in an kusa fitowa kuma ya sake faɗa, lokacin da zuciya ta yi laushi tana karɓar magana. Na ce, "Hadiza, mene ne naki?"

Ta ce, "Inna, ki zaɓa mini kawai, kin fi ni sani."

Na ce, "Ba na zaɓa wa kowa. Maganar da na sa miki a baki, a ƙofar soro za ki tofar da ita."

Ta yi fushi, ta ce ta biyo mota tun daga Babura ana yi mata rowar magana. Zuwa na biyu ta ce, "Zan daina shan kwalba." Na ce ta ji yadda kwalbar ta shigo cikin maganar ta zauna? Ta nemo wadda babu kwalba a ciki. Sai wani zuwan can, muna cikin naɗe mayafi, ta ce, "Inna, na samu. Ina kwana da hankalina." Da wannan muka yi aiki. Ta sha komawa kan kwalbar, ta sake tashi, ta ɓace mini lokacin bikin ƙanwarta, ta dawo tana sunkuyar da kai, ban yi mata faɗa ba, na shimfiɗa tabarma. Yau ku je Babura ku ga shagonta. Wannan ne aikin da kuke cewa zama ne.

Yanzu bari in gaya muku shekarar da aka rufe mini ɗaki, don ku san abin da ya sa nake ɗaga murya.

Akwai wata yarinya Samira, 'yar maƙociyata ta dā. Ta zo ta ce tana son koyo. Na ce to, ki kwanta a fara da ke. Ta kwanta sau ɗaya ta ce ita ta gane. Na bar ta tana zama a gefe in wadda ake yi wa ta yarda. Ba ta rufa wata ba ta daina zuwa. Ashe haddace maganganuna take yi kamar karatun allo. Can sai na ji labari wai ta yi aure a Roni, ta buɗe nata ɗakin, har tana cewa a hannun Inna Uwani ta ƙware.

Akwai wani wuri a aikin, bayan zagayen jiki da bin numfashi, da ake kai mutum wajen da zuciyarsa take natsuwa. Ba kowa da kowa wuri ɗaya ba. Sai kin zauna da mace tun kafin ta kwanta, kin tambaye ta, kin ji abin da take so da abin da take gudu. Wadda Samira ta ji ina yi wa, a bakin rafi ta girma, shi ya sa na kai ta bakin ruwa. Ita kuwa Samira ta ɗauka kowa bakin ruwa ake kai shi.

Aka kai mata wata Bafulatana, Adama, daga wata ruga a ƙasar Gwiwa. Ɗanta ya kai shanu shan ruwa da damina, tafki ya cika, ƙafarsa ta zame, sai gawarsa aka tsamo. Tun daga nan Adama ba ta barci, ba ta magana sai dole. Samira ba ta tambaye ta komai ba. Ta kulle ƙofa, ta rufe taga, ta kwantar da ita, jiki ya saki, zuciya ta buɗe, sannan ta ce mata, "Ki ga kanki a bakin ruwa mai sanyi, ki sa ƙafarki a ciki." Adama ta ƙwalla ƙara ta miƙe, ta yi kan ƙofa ta same ta a kulle, ta yi ta dukanta da kai har goshinta ya fashe. Maƙwabta suka ɓalle ƙofar. Samira ta tsorata, abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Haka Inna Uwani ta koya mini."

Kafin la'asar labari ya riga motar Roni isowa Kazaure. Wai ina saukar wa mata aljanun Indiya. Wai bori nake yi da sunan magani. Mai unguwa ya aiko aka kira ni, liman yana gefensa, dattawa sun cika zaure. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa ina wannan aiki a unguwar nan? Matan gidan wa ne ban kwantar ba? An taɓa jin ihu daga ɗakina?"

Mai unguwa ya ce, "Uwani, ba mu ce kin yi ba. Amma jini ya zuba, kuma sunanki aka kama. Ki dakata tukuna."

Na juya wajen liman na ce, "Allah gafarta malam, a turo wadda aka yarda da ita ta zauna ta ji abin da nake faɗa."

Ya ce a bari ƙura ta lafa.

Ta ƙi lafawa. Matan da na sha goge wa hawaye suka koma tsallaka titi in sun hango ni. Aka daina aiko mini goron biki. Na naɗe tabarmi na jingine, na kafa kasko a ƙofar gida ina suyar awara, yara suna saye suna leƙen ɗakin ko za su hango aljani. Ita kuwa wadda ta yi ɓarnar ko sannu ba ta aiko ba, mijinta ya ɗauke ta suka koma Kano. Abin da ya fi ƙona mini rai ba awarar ba ce. Akwai matan da muke tsakiyar aiki da su, aka yanke, wasunsu suka koma gidan jiya.

Bayan an yi girbi, wata rana ina juya awara, wani Bafulatani dogo ya yi sallama, sandarsa a kafaɗa. Ya ce sunansa Buba, shi ne mijin Adama. Na ajiye matsami, na ce to yau kuma me ya rage.

Ya ce, "Inna, ba faɗa ya kawo ni ba. Mun yi rubutu, mun yi ruƙiyya, an ba ta ƙwayoyi a asibiti tana sha, sun ɗan taimaka. Amma har yanzu ba ta yarda ta rufe ido. A kasuwar Babura wata mai atamfa ta tare ni, ta ce wadda ta yi mana aikin farko ba ta iya ba ne, in zo wurinki."

Na ce, "Malam Buba, an hana ni."

Ya ce, "Wa ya hana? Mu je wurinsa."

Muka je. Bafulatanin nan ya tsuguna gaban mai unguwa ya ce matarsa ce, jininta ne ya zuba, kuma shi ne yake roƙo. Mai unguwa ya ce ya yarda, amma ba a ɗakina ba, a rugarsu, kuma yayarsa Gwaggo Hajara za ta bi ni ta zauna ta ji komai. Na ce abin da na roƙa ke nan tun farko.

Ranar farko da babura biyu suka sauke mu a rugar, ko matashi ban kwance ba. Adama tana zaune a bakin bukka, tabo a goshi, ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Na gaishe ta, na zauna, na jawo turmi na taya matan gidan dakan fura, wato surukarta da ƙannen mijinta. Gwaggo Hajara tana hararata, wai wannan ne aikin? Zuwa na biyu ma haka. Sai a na uku Adama ta ce mini, da Hausarta mai karyewa, "Ke ma za ki ce in rufe ido?"

Na ce, "A'a. Ki bar su a buɗe. Ba kuma za ki kwanta ba, ki jingina da gadon nan. Ga ƙofa a buɗe, duk sanda kika ga dama ki tashi ki fita, ba sai kin gaya mini ba."

A tafin hannu kawai muka tsaya ranar. Babban yatsa, manuni, na tsakiya. Tana kallon ƙofa ina faɗa. Muka ƙara hannu, wani zuwan muka ƙara ƙafa. Na tambaye ta inda take jin daɗin tunawa, ta ce bukkar kakarta, da ƙamshin hayaƙin kara da ƙwaryar nono a rataye. Can na riƙa kai ta. Ko kalmar sha ban yarda ta fito daga bakina ba. Rannan muna cikin bukkar kaka, ba wanda ya ce mata komai, fatar idonta ta sauka da kanta. Na ci gaba da magana yadda nake yi, ban canza murya ba. Na waiga na ga Gwaggo Hajara ta toshe bakinta da mayafi. Ita ce da muka koma gari ta shiga zauren ƙanenta ta ce, "Ni dai ban ji an kira kowa ba sai Allah da yatsun hannu." A makon aka ce in buɗe ɗakina.

Ban daina zuwa rugar ba. Ƙuduri ne Adama ta ƙi yi, ni kuma ban matsa mata ba. Har damina ta sake zagayowa, hanya ta yi laka, tafkin ya sake cika. Wata safiya na isa, na tarar ta shimfiɗa tabarma da kanta, ta ajiye matashin gwiwa a inda ya dace. Ta kwanta, ta ja mayafi, ta ce, "Inna, yau ki kai ni bakin ruwan."

Na ce, "Adama, kin tabbata?"

Ta ce, "Ke dai ki zauna inda zan gan ki."

Na bi jikinta a hankali fiye da kullum. Na bi numfashi har ya sauka ciki. Na kai ta bukkar kaka tukuna, sannan na fito da ita, na bi da ita ta hanyar shanu, ina faɗa ina kallon maƙogwaronta. Na tsayar da ita nesa, inda ciyawa take. Ban ce ta sa ƙafa ba, ban ce ruwan yana da sanyi ba. Na ce, "Ga shi can. Ƙasa tana ƙarƙashinki, tana riƙe da ke." Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunnenta, amma hannunta a sake yake, numfashi bai tsaya ba. Na bar ta iya yadda na ga za ta ɗauka, na juyo da ita, na dawo da ita bukka, na ce ta motsa yatsu, ta ji tabarma, ta buɗe ido in ta shirya.

Ta tashi zaune. Yaron nan ɗan farinta ne, kun kuwa san Bafulatana ba ta kama sunan ɗan fari, ko yana raye bakinta bai taɓa furta shi ba. Ta gyara ɗankwali, ta fita, ta sami Buba a gindin marke yana gyaran igiyar maruƙa, surukarta tana gefe tana jin ta. Ta tsaya a kansa ta ce, "Hammadu ya rasu. Ka kai ni in ga kabarinsa."

Buba ya ajiye igiyar, ya miƙe, ya shiga gaba tana biye.